Daren Ƙirga a Skelthwaite

Babban yatsana ya fi ni sanin takarda.
Shekara arba'in da ɗaya ina lasar sa
a daren Alhamis, farkon watan Mayu,
cikin zauren wasanni na makarantar gari,
inda ake jera tebura ƙarƙashin ragar ƙwallo
shayi kuma ya huce kafin a kai shi baki.

Da na fara, garin nan ja ne har ɓargo.
Masaƙu bakwai, jiniya ɗaya,
ita ke tashe mu, ita ke sallamar mu.
Akan ce ko kare ka ɗaura wa jan ƙyalle
a Unguwar Gada, ya ci ya gama.
Cyril Brearley ya riƙe majalisa shekara goma sha tara,
ya gina gidaje ɗari takwas,
ya ba surukinsa kwangilar rufi.
Rufin ya yi yoyo.
Muka tara bokitai, muka sake zaɓen sa.

Sai masaƙu suka fara zubewa kamar haƙoran tsoho.
Wani a babban birni ya ja sabon layi a taswira,
ya haɗo mu da ƙauyukan kan tudu,
masu tumaki da mota bibbiyu.
A daren nan na ga tulin shuɗi yana kumbura gabana
kamar ƙullin da ya kwana.
Brearley ya cire furen ƙirjinsa, ya cusa a aljihu,
ya tambaye ni ko da sauran biskit.

Shuɗi suka sayar da wurin ninƙaya.
Ja suka dawo da rantsuwar fanso shi, ba su fanso ba.
Masu ruwan ɗorawa suka zo da hoton kowane ramin titi,
suna nuna shi da yatsa, fuska a murtuke,
suka kwashi kujera tara.
Shekara shida babu mai rinjaye:
mutum uku kan jaki guda, kowa da inda ya dosa,
gardama har tsakar dare kan ranar kwashe shara.

Ban manta da shekarar kunnen doki ba.
Rukhsana Dar, 'yar mai aikin dare a tsohuwar masaƙa,
da Gerald Illingworth mai sayar da taya,
dubu ɗaya da ɗari da goma sha huɗu kowannensu.
Sau uku muka sake, har idona ya yi yaji.
Kujerar nan ce raba gardamar majalisa duka.
Jami'in zaɓe ya rubuta suna biyu,
ya juye gwangwanin biskit, ya jefa ciki,
ya kau da kai, ya zura hannu.
Haka mulkin gari ya fito yana ƙamshin citta.
Ta buɗe laburare ranar Asabar.
Bayan shekara huɗu aka kayar da ita da ɗari shida.

Su ke nan a allon zinariya na zauren gari.
Nawa tarihin yana cikin tiren lalatattun ƙuri'u.
Akwai wani hannu da nake jira kowace shekara,
bai taɓa zaɓen kowa ba,
sai dai ya rubuta a gicciye, bisa sunayen duka:
Ku gyara fitilar Layin Marina.
Da fari fensirin har yana huda takarda.
Daga baya ya soma rawa,
haruffan suna jingina da juna kamar masu jiran bas.
Ja sun gani, shuɗi sun gani,
kowa ya yi murmushi ya ce a ajiye gefe.

Bana na juya tiren sau biyu.
Babu.

An yi shela, wasu sun yi tafi, ban riƙe ko su wa ba.
Na ɗaure ɗankwalina, na biyo ta Layin Marina
ƙarfe biyar, gari ya riga ya waye,
mai madara na sauke kwalabe.
Ga ta can a kan kwana, sabuwa ful,
tana ci ita kaɗai cikin hasken safiya.